Kunnuwan Kawu Aksel

Roskilde, cikin watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Gudrun,

Ina miƙo miki gaisuwa mai tarin yawa daga wannan gefen teku, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Walter da yara duka. Allah ya ƙara wa bayansa sauƙi, ya kuma raba shi da ɗaukar itacen da ya fi ƙarfinsa. Mu nan sai godiya. Gwiwar uwargidana Bodil ta lafa tunda aka yi mata aiki, har ta koma hawa kekenta zuwa kasuwa, tana yi mini gorin cewa ta fi ni sauri. 'Yarmu Rigmor ta sauka lafiya, an samu namiji, sun sa masa sunan Babanmu, Laurits. Kowa na cewa uban yaron ya ɗauko, amma goshin nan nawa ne, ba na kuma musu da kowa a kai. Rufin gida da ya dame mu bara na sauya shi da hannuna kafin ruwa ya kankama, ko ɗigo ɗaya bai shigo ba.

Shafukan littafin dangi da kika aiko sun iso, na karanta su tas. Kin yi aiki, Allah ya saka. Hoton Mama a bakin gaɓa tana gyaran koma ya sa Bodil hawaye. Sai dai akwai wurin da na tsaya. Frode ɗan Kawu Aksel kin ba shi rabin shafi saboda jirgin kamun kifinsa, har launin fentin kika ambata. A gaban sunana kuwa kika ce: yana gyaran rediyo. Ban yi fushi ba, Gudrun, don kin bar ƙasar nan tun ina hawa sandunan jiragen ruwa a garinmu Thyborøn, abin da kika bari shi kika rubuta. To bari in tuna miki. Daga sakandare ban sake zama a gaban wani malami ba. Turancin da nake karanta littattafan injiniyoyi da shi, daga takardun da ke zuwa cikin kwalin kaya na koye shi, ni da ƙamus. Na riƙe rediyon jiragen garinmu kaf ina saurayi, babu masuncin da ya taɓa kiran gida ya rasa amsa saboda aikina. Na zo gabas da akwati ɗaya, ban san kowa ba. Na gina gidan da nake ciki. Na shiga kamfanin na'urar ji a matsayin mai haɗa wayoyi, yau ina zaune teburi ɗaya da masu digiri bibbiyu, ba kuma wanda ya riƙe mini hannu ya zaunar da ni. Amma duk wannan shimfiɗa ce. Abin da nake so ki sani shi ne aikin da na gama bana, wanda saura kaɗan a jefar da shi, sunana ya bi shi.

Kin san masu ƙarancin ji kan sa na'ura a kowane kunne. Da can kowace na'ura zaman kanta take yi, ta hagu ba ta san abin da ta dama ke ciki ba, shi ya sa tsoho zai ji hayaniya ta cika masa kai amma ya kasa gane daga ina magana ke fitowa. Kamfani ya ce yana so su riƙa magana da juna ta iska, ba waya, domin su haɗa kai su fuskanci mai magana. Faɗa da baki ba wuya. Batirin bai kai maɓallin riga ba, kuma mutane na so ya kai su mako. Tsakanin na'urorin biyu kuma ga kan mutum, wanda ruwa ne da gishiri da ƙashi, yana shanye saƙon rediyo kamar soso. Dole saƙon ya kewaya ta ƙeya, ya isa a gajiye.

Abin da aka ɗora mini shi ne yadda za a aza saƙo a kan igiyar rediyon. Ki ɗauka ina tsallaken tashar jirage ina so in gaya miki i ko a'a. Ina iya ɗaga murya don i, in sassauta don a'a. Haka wasu suka so a yi, amma na'urar da za ta riƙa hawa da sauka da ƙarfi daidai wa daida tana cin batir ko a lokacin da take raɗa. Ni na ce a yi fito, irin wanda Baba ke kiran mu da shi. Ƙarfin numfashi ɗaya, sai dai sauti ya yi sama don i, ya yi ƙasa don a'a. Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta a duniya ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ni na sassaƙa ta har ta shiga bayan kunne. Na kuma nisanta sautin sama da na ƙasa sosai, yadda kunnen da ke sauraro ba sai ya wahala wajen bambancewa ba, ya ji abinsa cikin ƙiftawar ido ya koma barci. Batir ya yi ta rai, har masu lissafi suka sake aunawa don ba su yarda ba.

Muna da wani kan roba a wurin gwaji, cike da ruwan gishiri, da kunnuwansa da hancinsa. Suruki muke kiransa, don duk abin da ka gaya masa ba ya musu. Yana zaune a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, inda ko rediyon ɗan tasi ba ya shiga. Al'adar gidan ke nan tun kafin in zo: kai ɗaya, ɗaki shiru, ƙofa a rufe, kuma kan yana da tsada, shi kaɗai muke da shi. A kan Suruki aikina bai taɓa tuntuɓe ba. Da lokacin gwaji a kan mutane ya yi, aka raba wasu na'urorin a babban birni, ni kuma na dage sai an kai wasu yamma, wurin mutanenmu. Na so tsofaffin da suka san ni da gajeren wando su sa aikina a kunne. Aka ba su ta hannun asibiti, Kawu Aksel yana cikin na farko, shi da abokansa na jirgi waɗanda ƙarar inji ta cinye musu ji.

Daga birni sai yabo. Daga garinmu kuwa ƙorafi ya fara zuwa. Wai a gida lafiya lau, amma wani lokaci abin ya riƙa ƙara a kunne kamar ana soya kifi, magana ta yanke, ta dawo ta ɗaya gefen. Aka ɗora wa iskar gishiri laifi, aka ɗora wa rediyon jirage, wani ma ya ce injinan iskan nan masu ba da wuta ne. Muka gwada duka a kan Suruki, bai ce uffan ba. Wata Juma'a muna cin burodin safe da cuku, inda a nan ake yanke manyan shawarwari ba a ɗakin taro ba, shugabanmu Troels ya ce tunda an rasa gane ciwon, gara a cire namu a sayo na wani kamfanin waje a dasa, ko da yake batir zai riƙa mutuwa a rabin tafiya. Aka zaga teburi kowa ya tofa albarkacin bakinsa kamar kullum, yawancinsu da shi suke. Na ce masa idan aka cire, to a haɗa da kujerata. Ya yi dariya ya ce kujerar ta kamfani ce, amma ya ba ni zuwa kaka.

Ana cikin haka Allah ya yi wa tsohuwa Petrea rasuwa, wadda ke sayar mana da alewa muna yara, na je jana'iza. Bayan an fito daga coci aka shiga ɗakin taron gari shan kofi. Kin san teburanmu, dogaye, ana zama kafaɗa da kafaɗa don kada a bar kowa a tsaye. Tsofaffin jirgi suka jeru a layi ɗaya kamar yadda suka saba. Ba a gama zagaye da kek na farko ba na ga Kawu ya kai hannu ya zare na'urarsa ya jefa aljihu. Na kusa da shi ya yi haka, na gaba ma haka, har ƙarshen teburi. Na zuba musu ido, kofina ya huce a hannuna. Kunnen hagun Kawu, tsakaninsa da kunnen damansa akwai kai guda. Tsakaninsa da kunnen daman tsoho Ejnar da ke gefensa kuwa, iska ce kawai, ba ta kai taƙi ba. Ashe kunnen Kawu da na Ejnar yake hira, ya bar ɗan'uwansa yana ta kira. Mu kuma a kamfani, duk shekarun nan, mai ƙarancin ji a tunaninmu mutum ne shi kaɗai a kujera, kamar Suruki. Masu gwajin birni ba su san juna ba, kowa na benensa. Namu kuwa tare suke coci, tare suke jana'iza, tare suke wasan kati.

Na koma na faɗa, aka ce to an ga ciwo, ina magani? Nisan nan da na ba sautuka biyu, wanda ya ceci batir, shi ne ya sa kowane fito ke cinye hanya mai faɗi, hanyoyin da hukuma ta ba mu kuma ba su da yawa. Dole a matse shi, a kuma sa sautin ya riƙa zamewa daga sama zuwa ƙasa a hankali maimakon tsalle, don tsallen ne ke fantsama cikin hanyar maƙwabci. Idan an matse, hanyoyi su yawaita, kowane mutum kunnuwansa biyu su riƙa sauya hanya bisa tsarin da su kaɗai suka sani. Amma in ka matse da yawa, mai sauraro ya ruɗe, ya ce a maimaita, maimaici kuma batir yake ci. Inda za a tsaya, nan ne aikin.

Aka haɗa ni da wata Solvej Brask, sa'ar Rigmor ce, tana da digirin dakta a kan irin wannan lissafi. Ina kiranta Dakta, tana kirana Tsohon Jirgi. Ranar farko ta duba aikina ta ce ya yi kyau, kamar gidan da aka gina ba a bar wa maƙwabta hanyar wucewa ba. Na ce mata lokacin da nake magana da jirage a tsakiyar teku, ita ko fensir ba ta iya riƙewa ba. Ta ce shi ya sa har yau nake ihu. Gaskiya yarinyar ta san abinta. Ta cika allo da lissafi ta fito da iyakar da za a matse, na ce ba zai yiwu ba, na haɗa don in nuna mata, sai ya yi. Ni kuma na kawo abin da ba ya kan allonta: na ce me ya sa kunne zai riƙa gaya wa ɗan'uwansa abin da ya riga ya sani? In ba abin da ya sauya, ya yi shiru. Da wannan muka maido da batirin da matsin ya ci. Ta ce ta yi mamaki mutum irina ne ya gano amfanin shiru.

Saura gwaji, ga kai ɗaya tal. Na je shago na kwashe ƙwallayen yara, muka ɗura musu ruwan gishiri, muka liƙa wa kowace na'ura biyu, muka jera su a kan bokitai kewaye da teburin cin abinci, a matse kamar zaman jana'iza. Bodil ta ba ni tsofaffin huluna aka ɗora musu don na'urorin su zauna. Troels ya leƙo ya ce bai taɓa jagorantar taron da aka yarda da shi haka ba. Amma ya ce ƙwallo ba ta ƙorafi, shi mutane yake so. Sai na tuna bikin cikar Kawu da Inna Edel shekara hamsin da aure yana tafe, kuma duk tsofaffin nan za su hallara. Ya ce to can ne, in ya yi ya zauna, in bai yi ba kada in sake ɗaga maganar.

Muka tafi da Solvej ana gobe biki, muka bi gida gida muna sauya musu na'urori. Ejnar ya ce in wannan ma ta soya masa kifi, a miyata zai jefa ta. Da sassafe aka taru a ƙarƙashin tagar Kawu da Inna aka yi musu waƙoƙin tashi daga barci, an kewaye ƙofa da ɗanyun rassa, su kuma suka leƙo suna nuna wai ba su san da zuwanmu ba, alhali Inna ta kwana biyu tana toya burodi. Da rana aka shiga ɗakin taro. Miya da ƙwallayen nama, naman sa, sannan askirim, ba abin da ya sauya tun bikinki. Ni dai ban san ɗanɗanon komai ba. Ina da ƙaramar na'urar awo a cinyata ƙarƙashin mayafin teburi, Bodil na ta taka mini ƙafa. Idona na kan hannuwan tsofaffin nan. Aka sha miya, ba wanda ya kai hannu kunne. Aka ci nama, aka raba takardun waƙa aka rera, ɗaki ya cika da amo, hannuwa na kan cokula.

Sai Inna Edel ta miƙe za ta yi jawabi. Kin san Kawu shekarun nan, dariya yake yi idan ya ga ana yi, a makare, yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Inna ta yi godiya ga jama'a da babbar murya yadda ta saba saboda shi. Da ta zo zama, ta sunkuya tana gyara kujera, ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa ta gefen hagunsa, irin wadda take yi wa kanta. Mu da ke kusa mun ji: cewa ta yi da za a sake, shi ɗin dai za ta ɗauka, duk da taurin kansa. Kawu ya juyo ya dube ta ya ce, "Na ji ki, Edel. Ba sai kin maimaita ba." Inna ta yi tsaye da hannu a kan kujera, fuskarta ta yi ja. Can ta ce ashe daga yau sai ta kama bakinta, don shekara da shekaru a wannan kunnen take sauke masa duk zagin da ya ci. Ɗaki ya ɗauki dariya, kuma Kawu ne ya fara. Solvej ta kalle ni daga can ƙarshen teburi ta ɗaga kofinta. Na kashe na'urar awon na ci askirim ɗina, har na Bodil.

To ji sauran. Kawu ya miƙe ya yi nasa jawabin, ya gode wa Allah, ya gode wa matarsa, ya gode wa yarinyar asibiti da ta auna masa kunne, ya ce hannunta na da albarka. Ya zauna. Na ce a raina ba komai, tsufa ne, bari in taimaka masa. Na buga cokali a kofi na miƙe, na fara bayanin yadda aka yi. Ban kai ga zancen fito ba Frode ya ja mini gefen kwat, ya kira ni da sunan Mama ya ce, "Zauna, ɗan Thyra, mun san ka tun kana yoyon hanci. Bikin wa ake yi?" Aka yi dariya, aka shiga waƙa ta gaba, wadda a cikinta aka ba kowane ɗan dangi baiti. Nawa baitin cewa ya yi Ejgil ya tafi gabas yana gyaran rediyo. Na rera tare da su, me zan yi? Kin san mutanenmu, in ka ɗaga kai kaɗan sai an dafa maka shi, kuma da ƙauna suke yi.

A kamfani ma haka. Aikin ya zauna, ba a sayo na waje ba, an fara ƙerawa. Troels ya kawo kek ranar Juma'a ya ce mun yi ƙoƙari, mu duka, har da masu share ɗaki, aka tafa. Na tambaye shi ko za a yi wa dabarar rajista, don a takardar rajista doka ta ce a sa sunan masu aiki. Ya ce an yanke a riƙe ta sirrin gida, kada abokan gasa su karanta. Ke nan babu wata takarda a duniya da za ta ce ni ne. Solvej ta ce ita bai dame ta ba, tana da shekaru a gaba. Ni ba ni da su da yawa haka. Amma kada ki ɗauka ina cikin baƙin ciki. Ina barci lafiya. Idan na ga tsoho a jirgin ƙasa da ɗan abin nan a bayan kunne yana hira da matarsa ba tare da ya ce "me?" ba, sai in gyara zama in ji kamar ni na biya wa kowa kuɗin jirgi. Kawu ma an ce yanzu ya koma zuwa wasan kati, har yana kama Ejnar da raɗa.

Ki gaida Walter da kyau, ki ce ina jiran kifin da ya yi mini alkawari. Ki gaida Karen-Marie da mijinta, da Niels-Ole, ki ce masa ya riƙa rubuto wa kawunsa ko da layi biyu ne. Bodil na gaishe ku, Rigmor da jariri ma haka, Inna Edel ta ce in gaya miki ta ajiye miki kofunan Mama har ki zo.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo nake ba, haƙƙina ne. Kafin ki kai littafin nan wurin bugawa, ki goge abin da ke gaban sunana. Ba na son rabin shafi, Frode ya riƙe fentinsa. Ki rubuta sunana cikakke, Ejgil Laurits Madum, ki ce shi ne ya sa kunnen hagu ya ji na dama a cikin taron jama'a, kuma ba wanda ya koya masa. Kina iya sa Solvej Brask a ƙasa, ta cancanta, amma da ƙananan baƙaƙe. Idan kin gyara, ki aiko mini shafin in gani da idona kafin a buga.

Ni ne yayanki,
Ejgil